Kada Ku Ƙwace Fensirin Yaro

Kwanan baya wani uba ya kawo mini ƙarar ɗansa, wai ba shi da aiki sai zane-zane a bayan littafi. Na ce masa ya ciro takardar naira 20, ya dubi bayanta.

Matar nan da ke ginin tukunya a wurin ita ce Ladi Kwali. Ba ta yi boko ba, a ƙauyensu ta koyi sana'ar tun tana yarinya. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu. Tulunanta masu zanen ƙadangare da kifi sun kai har Landan. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

To, ku dubi kasuwar garinku. Wa ya rubuta allon mai kanti? Wa ya yi wa motar kaya ado? Wa ya yi aikin wuyan riga? Ado ke jawo mai saye, ciniki kuwa ke ciyar da gida.

Saboda haka yaro ya gama aikin makaranta tukuna, ran Asabar ku kai shi wurin gwanin sana'a ya koya.