Al'adun Duniya: Gawayi Cikin Safa

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A ƙasashen Turai da Amurka, idan hunturu ya kama, bikin Nowel ya ƙarato, yara kan rataye safa a bakin murhu da daddare, da safe su iske kyauta a ciki. Mai ladabi ya samu alewa da lemo da kayan wasa. Mai ƙiriniya kuwa, bisa al'ada, curin gawayi ne rabonsa.

Ana danganta asalin safar da Nikola, wani babban limamin Kirista da ya zauna a garin Mira, cikin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Labarin baka ya ce wani talaka na da ƴaƴa mata uku, ba shi da halin yi musu kayan aure. Nikola ya jefa zinariya cikin gidan da dare, ta faɗa cikin safar da aka shanya kusa da wuta.

Shi kuwa gawayi, maƙwabtaka ce ta kawo shi. A ƙarni na 19, da gawayin ƙasa ake ɗumama gidaje da yawa a biranen Turai, kuma an ce wa yara ta bututun hayaƙi mai rabon kyauta yake saukowa. Abin da ke bakin murhu shi ne mafi kusa da hannu, ga araha, ga baƙi mai ɓata tufafi.

A Italiya, wata tsohuwa ce mai hawan tsintsiya, Befana, take rabon a daren 5 ga Janairu. A Sipaniya, a wannan daren, yara kan ajiye takalma suna jiran Sarakuna Uku. A nan ne ƴan kasuwa suka nuna basira: suka dafa sukari, suka rina shi baƙi, suka farfasa shi kamar gawayi, ana sayensa kowace shekara. Horo ya zama haja, yaron da aka so a tsorata yana tsotsar hukuncinsa yana dariya.

A Sikotilan kuma lissafin daban ne. Daren 31 ga Disamba, baƙon da ya fara taka ƙofa bayan tsakar dare yakan shigo da curin gawayi, fatan kada wutar gidan ta mutu a sabuwar shekara. Abincin wani, gubar wani. Gidan da sanyi ya addaba, babu ko tsinken hura wuta, ba zai kira gawayi wulaƙanci ba.

Mai karatu zai lura da abu biyu. Darajar kaya tana wurin mai bukata, wannan kowane ɗan kasuwa ya sani. Na biyu ya fi nauyi ga iyaye: yaro na auna magana da aiki. Idan an yi masa barazana da gawayi shekara bayan shekara, kullum yana iske alewa, ranar da za a yi masa gargaɗi na gaske, shi ma alewa zai ɗauke shi.