SUNA LINZAMI: LABARIN COCIN INGILA DA ABIN DA KE FITA BAKUNANMU

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Akwai labarin da ke yawo a wayoyin samari daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, wai Kiristoci sun halatta auren jinsi, har suna raɗa wa wanda ya sauya jinsi sabon suna a coci. Labarin yana da tushe, amma an yanke masa kai da ƙafafu kafin ya iso mana.

Ga yadda abin yake. A Disambar 2018 bishop-bishop na Cocin Ingila suka fitar da jagora cewa wanda ya sauya jinsi yana iya zuwa a yi masa addu'ar sabunta alkawarin baftisma, a kira shi da sunan da ya zaɓa wa kansa. A Fabrairun 2023 kuma majalisar cocin ta amince a riƙa sa wa ma'aurata 'yan jinsi ɗaya albarka. Masu wannan ra'ayi suna cewa ƙofar coci ta kowa ce. Mu matsayin Musulunci a kan wannan sananne ne, ba mu tare da su, kuma ba sai na tsawaita ba.

To amma wa ya fi kowa ja da su? Kiristocin ƙasar nan. Tun 2003, da aka naɗa Gene Robinson bishop a Amurka alhali yana zaune da namiji, Cocin Angilika na Nijeriya ƙarƙashin Peter Akinola ya ja daga. A 2008 suka ƙaurace wa taron Lambeth, suka yi nasu a birnin Ƙudus. A Disambar 2023 bishop-bishop na Katolika a Nijeriya suka ce ba za a yi irin wannan sa albarka a majami'unsu ba. Saboda haka duk wanda ya dubi malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti Kirista da aka turo garinmu ya jefe shi da aikin Turawan Ingila, wallahi ya zalunce shi, kuma Allah zai tambaye shi.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Sauya suna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah (SAW) ya mayar da Barra Zainab, ya mayar da Asiya 'yar Sayyidina Umar Jamila. Ku lura da kyau, daga mummuna yake mayarwa zuwa kyakkyawa. A 1964 ɗan damben nan Cassius Clay ya zama Muhammad Ali, kuma har yau muna jin daɗin yadda ya tsaya kai da fata sai an kira shi da sunansa. Mu kuwa yanzu me muke yi? Muna ɗaukar Aliyu ko Bello, sunan da ubansa ya yanka rago ya raɗa masa, mu mayar da shi "ɗan daudu" ko "ɗan luwaɗi" don kawai muryarsa siririya ce, ko yana taya mahaifiyarsa tuyar ƙosai. Yaro ya daina zuwa Islamiyya, ya daina zuwa jam'i, mu kuma muna ƙyalƙyala dariya a majalisa. Wa ya kore shi daga masallaci? Turawan Ingila?

Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabai, ta hana zato, ta hana bin diddigin asirin mutane. Suratun Nur ta yanka bulala 80 ga mai ƙazafi da bai kawo shaidu 4 ba.

Kuma mun ga inda baki ke kai jama'a. A Janairun 2014 taron mutane suka yi wa kotun Shari'a ruwan duwatsu a Bauchi, suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai yanke hukunci ba. Wato masu kiran Shari'a su ne suka jefi zaurenta! A Mayun 2022 aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ba alƙali ba shaidu, Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan, gari ya shiga dokar hana fita. Mu da 'yan bindiga suka kashe mana mutane sama da 40 a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, ina muka ga sauran jinin da za mu zubar da hannunmu?

Wanda yake ganin na sassauta, to ya je zauren malaminsa bayan la'asar ya ce a buɗe masa Risala ta Ibn Abi Zaid, babin hukunce-hukuncen jini da haddi. A can zai tarar cewa wanda ya kira wani mutum da sunan mai aikin mutanen Annabi Luɗu, ba tare da hujja ba, shi mai kiran ne haddi ya hau kansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.