Shekarar Da Yaran Mena Suka Je Indiya: Mu 'Yan Kasuwa Me Muka Koya?

Idan masu karatu ba su manta ba, a ranar 7 ga watan Oktoba na shekarar 2017 ne yaran Mena 'yan ƙasa da shekara 17 suka shiga fili a birnin Koci na ƙasar Indiya, suka doke Koriya ta Arewa da ci ɗaya da nema, ta ƙafar Salim Abdourahmane. Wannan shi ne karo na farko a tarihi da wata ƙungiyar Nijar ta taka leda a gasar cin kofin duniya ta hukumar FIFA, kuma a ranar farko ta yi nasara. Da yawa daga cikinmu a rediyo muka ji labarin, wasu a bakin tebur, wasu a rumfar hatsi, wasu kuma a gidan kallo. Mun yi murna, mun yi tafi, daga nan kowa ya koma kan mudunsa da sikelinsa. Yau shekaru sun shuɗe, shi ya sa muka ga ya dace mu waiwaya, mu tambayi kanmu, mu mutanen Guci da Dungas da Magarya, me wannan kakar wasa ta bar mana.

Bari mu fara tuna yadda tafiyar ta kasance, domin ba banza aka kai Indiya ba. A watan Agusta na 2016 aka haɗa yaranmu da na Nijeriya a wasan share fage, alhali kuwa Nijeriya ce ke riƙe da kofin duniya na wannan aji, ta ci shi a 2013 ta sake ci a 2015. An doke mu da ci ɗaya da nema a Abuja, amma da aka zo Yamai sai yaran Mena suka rama da ci uku da ɗaya, suka fitar da zakarun duniya. A watan Mayu na 2017, a gasar Afirka da aka yi a Gabon, sun kai wasan kusa da na ƙarshe, suka ƙare a matsayi na huɗu, wanda shi ya ba su tikitin Indiya. A can kuma, bayan Koriya ta Arewa, Sifen ta ba su kashi da ci huɗu, Barazil da ci biyu, duk da haka suka tsallaka zagaye na biyu, inda Ghana ta tare su da ci biyu da nema. Ƙasashe 24 ne suka je gasar, yaranmu suna cikin 16 da suka wuce rukuni. Ingila ce ta ɗauki kofin.

To, ga tambayar da ta dame mu. Ta wace hanya yaron Guci mai basira zai bi ya kai ga irin wannan matsayi? Duk wanda ya ratsa ƙauyukanmu da la'asar sakaliya zai ga yara ba takalmi suna bin ƙwallon da aka ɗinke ta sau ba adadi, wani lokaci ma tsumma ne aka ɗaure da leda. A cikinsu akwai masu ƙafa, wallahi akwai. Amma babu gasa mai tsari, babu rajistar sunaye, babu mai horarwa, babu wanda zai zo daga Damagaram ya gan su, balle daga Yamai. Ƙasarmu ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a Yamai a 2015, ta kuma karɓi ta 'yan ƙasa da 20 a Yamai da Maraɗi a 2019, duka biyun Mali ce ta tafi da kofi. An gyara filaye a manyan birane, wannan abu ne mai kyau, amma ƙurarsa ba ta iso mana ba.

Abu mafi sauƙi shi ne mu ɗora laifi a kan gwamnati da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, mu kaɗe riga mu tashi. Suna da nasu kason, ba mu wanke su ba. Sai dai mu a ra'ayinmu, gasar yara a ƙauye ba aikin Yamai ba ne, aikin kasuwa ne, domin a gari irin namu duk wani kuɗi da ke motsi ta kasuwa yake bi.

Bari mu kawo misali daga nesa. A ƙasar Kanada, inda sanyi ke daskarar da ruwa wata da watanni, wasan da suka fi so shi ne hoki na kan ƙanƙara, wanda ake bugawa da sanda, 'yan wasa na sulu da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa. A lardin Saskacewan akwai gasar matasa ta ƙungiyoyi 12, ta 'yan shekara 16 zuwa 20, mafi yawansu na ƙananan garuruwan manoma. Ɗaya daga ciki ita ce Humboldt Broncos, ta wani gari da mutanensa ba su wuce kimanin dubu shida ba. Ƙungiyar ta mutanen gari ce. Masu kantuna su ke sa tallarsu a filin wasa, jama'a su sayi tikiti, sannan yaran da suka zo daga wasu garuruwa a gidajen mutane ake sauke su, matar gida ta ciyar da su tamkar 'ya'yan cikinta har kakar wasa ta ƙare. Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu da muka san fatoma da mai masauki, muka san uwar ɗakin almajiri, wa zai koya mana saukar baƙo?

Amma labarin nan yana da ɗaci. A ranar 6 ga Afrilu na 2018, ana daf da kammala kakar wasa, motar da ta ɗauko 'yan ƙungiyar zuwa wasa a garin Nipawin ta yi karo da wata tirela da direbanta ya ƙi tsayawa a mahaɗar hanya. Mutum 29 ne a motar, 16 suka rasu, 13 suka jikkata. Jama'a suka tara gudummawar da ta haura dalar Kanada miliyan 15, aka yanke wa direban ɗaurin shekara 8, lardin kuma ya wajabta horo ga sababbin direbobin manyan motoci. A watan Satumba na wannan shekarar ƙungiyar ta dawo fili da sababbin yara. Darasi biyu muka gani a nan. Gari ƙarami na iya riƙe ƙungiyarsa ko da masifa ta auka masa. Sannan duk wanda ya ɗauki 'ya'yan mutane zuwa wasa, amanar rayuka ya ɗauka. Idan haka ta faru a ƙasar da hanyoyinta ke da kwalta da alamomi, ina ga mu da muke loda yara talatin a bayan a-kori-kura, ko mu goya uku-uku a kabu-kabu, a bi rairayi da dare ba fitila?

Mun san abin da iyayenmu mata na kasuwa za su ce, domin mun sha jin sa a bakinsu: “Ƙwallo ai wasan banza ce, tana hana yaro talla, tana hana shi gona, ta raba shi da allo, ya dawo da karaya a ce mu biya kuɗin ɗori.” Gaskiyarku, iyayenmu, kuma ba za mu yi muku musu a kan abin da kuka gani da idonku ba. Ƙwallon da ba mai kula da ita haka take. Galibin gasannin da samari ke shiryawa a lokacin hutun makaranta suke faɗowa, wato tsakiyar damina, lokacin da uba ke neman hannu a gona. Wasu kuma sai zaɓe ya ƙarato ɗan siyasa zai kawo riguna masu hotonsa da kofi, a yi mako biyu ana hayaniya, a tashi da faɗa, ba a sake ganinsa sai wani zaɓen.

Sai dai mu tambayi kanmu, yaron da muka hana fili ina yake zuwa idan an gama kaka? Mun san amsar. Wasu cin rani Kano ko Legas, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Jihar Damagaram ba za ta manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, da yawa daga yankin Kance, maƙwabtanmu. Waɗanda suka zauna gida kuma, wasunsu fada ce gidansu, shayi tun safe har dare, daga nan a faɗa ƙwaya. Idan sata ta yi yawa a kasuwa, rumfar wa ake fasawa? Ba mu ce ƙwallo za ta maye gurbin abinci ko aikin yi ba, yunwa ce ke korar mutane, ba rashin wasa ba. Abin da muke cewa shi ne, yaron da ya san ranar Asabar garinsu zai kara da Malawa ko Dogo-Dogo, kuma ya san ba za a sa shi ba sai malaminsa ya shaida yana zuwa makaranta, yana da wani abin da ya ɗaure shi da gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada kuma mu yaudari yara da mafarkin Turai. Gaskiya ne Victor Osimhen, wanda ya buga gasar Yamai ta 2015, ya taɓa tallar ruwan leda a titunan Legas, ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta Chile a wannan shekarar, ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2023. Amma irinsa ɗaya ne a cikin dubbai. Ribar da muke hange ta fi kusa: lafiyar jiki, ladabi, zumunci tsakanin ƙauyuka, da ciniki. Duk ranar da aka yi babban wasa a gari, mai ƙosai da mai fura da mai rake da mai ruwan sanyi su ke fara sanin an yi taro. Masu tuna zamanin Samariya sun san haka, kuma kokawar Takobin Ƙasa da ake zagayawa da ita jiha-jiha tun 1975 ta isa shaida: duk garin da ta sauka, kasuwarsa ce ke fara cika.

Akwai wata magana da ba za mu tsallake ba, wato maganar shekaru. A 2009, a gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Aljeriya, Nijar ta cancanci zuwa wasan kusa da na ƙarshe, amma aka kore ta saboda sa ɗan wasan da shekarunsa suka wuce, aka ba Malawi gurbinta. Ita ma Nijeriya, gab da karawarta da mu a 2016, yaranta 26 ne suka faɗi gwajin na'urar da ke duba ƙashin wuyan hannu. Mu da muke la'antar mai tauye mudu da mai zuba yashi a buhun riɗi, ya kamata mu gane cewa sa magidanci mai 'ya'ya biyu a wasan yara algus ne, kuma haƙƙin ƙaramin da aka zaunar a benci ne aka ci. Maganinsa takardar haihuwa, wadda yara da yawa a ƙauyukanmu ba su da ita. Idan gasa ta sa uba ya taka zuwa ofishin magajin gari ya yi wa ɗansa takarda, ko a nan aka tsaya an ci riba, domin ita ce dai za a nema ranar jarrabawa.

Saboda haka ga shawarwarinmu.

Na farko, sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata su kafa asusu irin na adashi. Mun san kasuwa ba ta da daɗi, rufe iyakar Nijeriya daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 2023, sun karya jarin mutane da yawa. Amma mu yi lissafi. Idan mutum 200 suka ajiye dala ashirin-ashirin kowace ranar kasuwa, jika 20 ke nan a mako, a mako 16 kuma jika 320. Wannan zai sayi ƙwallaye da raga da akwatin magani, ya biya alƙalan wasa da kuɗin mota.

Na biyu, kuɗin ya zauna a hannun mata. Uwar adashi da ta shekara goma tana riƙe kuɗin mutane ko dala ba ta yi ciwon kai ba, ta fi duk wani kwamitin masu manyan riguna. A riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a bainar jama'a kowane wata.

Na uku, a yi gasar bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ranakun da ba makaranta kuma ba ranar kasuwa ba, a tashi kafin magariba.

Na huɗu, ba takarda ba wasa, ba shaidar malamin boko ko na allo ba wasa.

Na biyar, ba tafiyar dare, ba lodi fiye da kima, kuma kowace tafiya da dattijo a mota. Idan wuri ya yi nisa a kwana, mutanen gari su sauke yaran.

Na shida, duk ɗan siyasar da zai taimaka muna maraba, amma ya zuba a asusu kamar kowa, kada a sa hotonsa a rigar yaranmu.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumomin Guci da na gundumomin Dungas da Magarya da su keɓe fili a rubuce tun kafin masu awon filaye su cinye shi, su kuma gayyato masu horarwa daga Damagaram ranar wasan ƙarshe. Amma kada mu jira su kafin mu fara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaran da suka je Indiya a 2017 sun nuna cewa ɗan Nijar ba ya kasa kowa idan ya sami mai riƙe masa hannu. Namu suna nan bayan kasuwa, kullum da yamma muna wuce su da kayanmu a ka.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.