Mun sha kallon Xena, ina shirin Amina?

Duk wanda ya taso a Sabon Gari zamanin kaset ya san Xena. Mu haya muke karɓowa mu cika falo, tana wurga faifan nan nata sai ihu. Lucy Lawless ta riƙe shirin daga 1995 zuwa 2001, zango shida. Kafin ita, Lynda Carter ta yi Wonder Woman daga 1975 zuwa 1979. Sun nuna mace za ta iya jan shiri da takobi, ba da hawaye ba.

Yanzu Kannywood ta koma masu dogon zango irin su Labarina, amma jarumarmu kullum rigimar aure ko gado. Alhali a Samaru akwai masaukin ɗalibai mata na ABU mai sunan Sarauniya Amina. Fim ɗinta na Izu Ojukwu ya hau Netflix a 2021, har da Ali Nuhu, sai dai da Turanci.

Za a ce kuɗi. To, garin da ke hawan sallah duk shekara bai rasa doki da sulke ba. Marubuci muke jira.