A koya musu, su rubuta da hannunsu

Duk wanda ya karanta Hausa a makaranta ya san Aliyu Namangi na Zariya, makahon da ya tsara Waƙoƙin Imfiraji, wanda ya rasu a 1990. Mun san shi ne saboda an samu masu rubuta baitocinsa har aka buga su. To, makafi nawa suka yi ta rera waƙa a ƙofar gida da bakin kasuwa, ɗan jagora na amshi, suka koma ga Allah da fasaharsu a ciki? A yau ma, in ka cire irin su Yahaya Makaho, da wuya ka ga labarin mai fasaha naƙasasshe a intanet. Wanda ka gani ɗin ma, ban tausayi ne ya cika shi.

Shi ya sa nake kira ga matasanmu masu rubutu a Wikipedia ta Hausa, da malaman kwamfuta, da ɗaliban jami'a: ku sadaukar da yammacin Asabar ku koyar da marubuta masu buƙata ta musamman, kyauta. Amma da sharaɗi guda, kada ku karɓe musu aikin. Mai koyarwa kan ƙosa ya ce, "Kawo in buga maka." Daga nan an ɓata komai, domin kurman da ya tashi cikin maganar hannu shi ya san gwanin ba da labari a cikin kurame, kuma makaho ya fi kowa sanin wanda ya ƙirƙiri waƙa da wanda ya ara.

Aikin sai da haƙuri. Manhajar NVDA mai karanta wa makafi rubutu kyauta ce, wayoyin Android kuma suna da TalkBack, amma sau da yawa suna karanto Hausa da lafazin Turanci. Dole mai koyarwa ya zauna kusa, ya saurara tare da ɗalibinsa, su bi layi ɗaya bayan ɗaya, su ga inda ƙ ta koma k. Ɗakin ma ya zama wanda keken gurgu zai shiga ba sai an ɗauke shi ba.

An sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya tun Janairun 2019, amma doka ba ta koyar da buga rubutu. Makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki tana nan a Kano, ta makafi tana nan a Gindiri. Masu niyya su fara da tsofaffin ɗalibansu, su kuma yi sallama da Sarkin Makafi, domin shi ya san inda mawaƙan suke.