Harajin Itace Ya Ishe Mu A Makarfi, Ikara Da Kudan

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in kai kukanmu, mu manoman da ke da itatuwa a gonakinmu a yankin Makarfi, Ikara da Kudan. Abin da ya faru da yayana makon jiya, a kan idona, shi ya hana ni yin shiru.

Itacen turare ne marigayi mahaifinmu ya dasa a gefen gona. Da rani ya yi ta jido masa ruwa, yana kange shi da ƙaya saboda awaki. Da bikin 'yar yayana ya matso, sai Yaya ya ce bari ya sare wasu ya kai wa 'yan katako a Zariya. Kafin mai inji ya taɓa ko reshe, sai da aka biya kuɗin izinin sara, aka ba mu takarda. Wajen lodi aka sake karɓar wani. Ba mu ma kai ga babban titin Zariya zuwa Kano ba, sai ga wasu samari sun gitta katako mai ƙusoshi a hanya, suna kaɗa wani rasit da ba hatimi, ba sunan hukuma. Yaya ya miƙa takardarsa, babbansu ko kallonta bai yi ba. Ya ce wai waccan ta daji ce, tasu ta hanya ce, kuma ai itace ba shi da mai shi sai gwamnati.

Wannan maganar ce ta ƙona min rai, Malam Edita. Itacen da ubanmu ya dasa da hannunsa, a gonarsa ta gado, wai ba shi da mai shi! Ina suke lokacin da gara ke cin dashen? Ina suke lokacin da ake jidon ruwa? Da aka cire kuɗin mai inji, na masu lodi, na mota da na waɗannan rasitai, abin da ya rage wa Yaya bai kai ya sayi gado da katifa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ba mu ce kada a biya haraji ba. Amma tun 1998 dokar tarayya da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta hana kowa kafa shinge a hanya don karɓar haraji, ko da kuwa hukumar haraji ce da kanta. A nan Kaduna kuma, dokar haraji ta 2016, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, ta mayar da tara kuɗin shiga hannun hukuma ɗaya, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. To waɗannan masu ƙusoshi, wa ya aiko su? Aljihun wa kuɗinmu ke shiga? An sa hannu kan sababbin dokokin haraji a Abuja a 2025, ana ta cewa za a rage wa talaka nauyi, mu dai a ƙauye rasit sai ƙaruwa yake yi.

Abin takaici, masu shiga daji da dare suna kayar da ɗorawa da kaɗanya suna ƙona gawayi ba wanda ke tare su. Wanda ya dasa, ya nemi izini da rana tsaka, shi ake tatsa. Kowace damina a fito a rediyo ana cewa a dasa itatuwa hamada na tahowa. Wane ne zai dasa abin da zai zama masa tara bayan shekara goma? A garinmu har wasu sun fara tumɓuke dashen suna sa rake da masara.

Samarin nan ma 'ya'yanmu ne, rashin aikin yi ya sa manya ke amfani da su, yau a shinge, gobe a yaƙin neman zaɓe. Wakilanmu kuwa sai lokacin ƙuri'a muke ganin ƙurar motocinsu.

Ina kira ga Gwamna Uba Sani da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da su kawar da shingayen nan, a liƙa a kasuwar Makarfi, ta Ikara da ta Hunƙuyi a Kudan nawa ne kuɗin izinin sare itacen gona, da inda ake biya, kuma takarda ɗaya ta ishi mutum daga gonarsa har Zariya.

Naka mai karatu a kullum,
wani manomi daga ƙaramar hukumar Makarfi, Jihar Kaduna.