Kada mu sayar da kabewarmu duka

Ƴan'uwa manoma, kaka ta yi. Kabewa ta cika kasuwannin Dakoro da Kornaka, tana araha. Da yawa daga cikinmu muna kai ta kasuwa duka, mu dawo gida da ƴan kuɗi kaɗan. A ganinmu wannan hasara ce.

Ga dalili. Idan rani ya yi nisa, ganye ya ƙare, tuwon hatsi da miyar kuka ne kullum. A lokacin ne dundumi yake kama yara da mata masu ciki, watau mutum ba ya gani da magariba. Rashin bitamin A ne yake kawo shi. Idan aka yi sakaci, yaro yana iya makancewa. Kuma ƙyanda da zawo sun fi ka da yaron da ya rasa wannan bitamin. Ma'aikatan likita suna ba yara masu wata 6 zuwa shekara 5 ƙwayar bitamin A kowane wata 6. Mu kai yaranmu. Amma tukunya ita ce ta kullum, kuma kabewa tana ɗauke da abin da jiki yake mayarwa bitamin A.

Wace kabewa za mu zaɓa? Mu ɗauki mai nauyi a hannu. Ɓawonta ya zama mai tauri, wanda farce ba ya hudawa. Hannunta ya bushe, kuma kada a cire shi. Mu guji mai rauni ko mai wuri mai laushi. Wadda cikinta ya fi ja ta fi amfani. Idan yanki za mu saya, mu bar wanda ƙuda suka rufe.

Kabewa lafiyayya tana yin watanni a inuwa, bisa rumfa, ba a ƙasa ba. Wadda aka fasa kuwa, a yanyanka ta sirara, a shanya a inuwa.

Wajen dahuwa, a wanke ta, a fere, a dafa da ruwa kaɗan. Kada a zubar da ruwan. A sa man gyaɗa ko dakakkiyar gyaɗa, kamar yadda ake miyar taushe, domin sai da maiƙo jiki yake shan bitamin ɗin sosai. Yaron da ya cika wata 6, a dama masa dafaffiyar kabewa cikin kunu, a ci gaba da ba shi nono. Ƴaƴan kabewar da ta fi kyau, a ajiye su iri.

Mun san akwai bashi, akwai buƙatun gida. Ba mu ce kada a sayar ba. Amma kafin a ɗora wa amalanke, maigida da uwargida su ware rabon yara. Rigakafi ya fi magani.